Harafi ɗaya ya ci mana kati 300: yadda muka bi sarautar Goggo daga saƙon hakimi zuwa ranar naɗi

Naɗa mata sarauta ya yawaita yanzu a ƙasar Gombe da Bauchi, amma yawancin iyalai sai abin ya zo kansu suke gane ba su san ta ina ake kama shi ba. Mu ma haka muka shiga, ido rufe, muka yi wata uku cur muna kai gwauro muna kai mari. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a cikin garin Gombe, shekara goma sha huɗu ina koya wa yara jinsin namiji da tamata, shi ya sa da maganar ta taso 'yan'uwa suka ce ai ga gwani a gida, a bar masa takardu. Wannan gwanintar ce ta fara kai mu ƙasa.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ungozoma ce, ta yi shekara talatin da ɗoriya a ƙaramin asibitin garinmu, har ana yi mata tsiya cewa rabin 'yan kasuwar garin a hannunta suka fara kuka. Da ta yi ritaya ta dawo Tudun Wada wurin ɗanta, sai gidan ya zama masaukin duk macen da aka turo daga ƙauye zuwa asibiti a Gombe. Ta raka, ta yi jinya, ta ciyar, wani lokacin har kuɗin motar komawa ita ke biya. Sati biyu bayan Ƙaramar Sallah sai ga saƙo daga hakiminmu. Ba a kai wa Goggo ba, ba a kai wa ɗanta ba, Baffa aka samu, wanda shi ne babba a zuriyarmu yanzu. Mutum biyu daga fada suka je masa bayan la'asar suka ce hakimi yana son ya karrama 'yar'uwarsa da sarauta, in iyali sun yarda. Ba su faɗi wace sarauta ba, mu kuma murna ta hana mu tambaya. Da aka gaya wa Goggo cewa ta yi, "Ni da gwiwa ta fara ƙara, ina ni ina rawani?" Sai da Baffa ya ce mata ba a mayar da hannun alheri baya, sannan ta yi shiru, wanda a wurinta shi ne na'am.

Abu na farko shi ne zuwa godiya, kuma maza ne ke zuwa. Mu biyar muka tafi ranar Juma'a da ƙwaryar goro biyu da kwalbar turare. Muka tuɓe takalma tun daga bakin zaure, muka zube, Baffa ya yi jawabi, fadawa suna amsawa da "Hakimi ya gaishe ku." Duk zaman bai kai minti goma ba. Hakimi ya yaba aikin Goggo, ya ce uwargidansa ma ita ta karɓi haihuwarta ta fari, ya rufe da cewa mu ga magatakarda. Na zaci a nan za a ambaci sunan sarautar. Ba a ambata ba, kuma ba aji ba ne balle ka ɗaga hannu.

Na koma ranar Talata na tarar da ofishin magatakarda a garƙame. Ashe Litinin da Alhamis kaɗai yake zama, sauran ranakun ko yana gona ko yana rakiyar hakimi. Naira 5,000 ta tafi a kuɗin mota daga Tashar Dukku, zuwa da dawowa, ga rana guda da na roƙa a makaranta. Da na karɓi lambar wayarsa tun ranar Juma'a da ban yi wannan asarar ba. Ranar Alhamis na same shi, dattijo mai haƙuri, a wani ɗaki da ke jikin ƙofar fada, ba komai ciki sai tebur da benci da tsohon kabad da hotunan hakiman da suka gabata. Ya yagi takarda ya jera mini abin da zan kawo: wasiƙar amincewar iyali da sa hannun Baffa, tarihin rayuwar Goggo kada ya wuce shafi biyu, hoto fasfo huɗu, kwafin katin ɗan ƙasa, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da wasiƙar mai unguwa wadda dagaci ya buga wa hatimi. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, iyali su kawo sunayen sarauta uku da suke ganin sun dace, hakimi zai zaɓa ko ya canza. Bai nemi ko sisi ba. Na ajiye masa abin goro da zan tashi, kamar yadda Baffa ya koya mini.

Wasiƙar mai unguwa a yini ɗaya ta fito, hatimin dagaci ya ci kwana uku domin ya yi tafiya. Da na kai takardun, magatakarda ya baje su a tebur yana bi da yatsa, can sai ya tsaya ya ɗago. "Malam, wannan da za a naɗa mace ce ko namiji?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Goggo tagwaye aka haife su, ita ce ta biyu, to kun san sunan. A katin ɗan ƙasa Hussaina aka rubuta. A takardar gama firamare Usaina. A takardar ritaya kuwa, wadda na haɗa da kaina don nuna shekarun aikinta, wani mai buga tafireta ya sa Hussaini, kuma haka ta zauna a fayil shekara da shekaru ba wanda ya duba. Sunayen da muka aro daga Larabci haka suke, wasali ɗaya ne tsakanin mace da namiji: Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba. Namu na rana sun fi tsira, domin ba mai rikita Ɗanjuma da Jummai ko Ɗanladi da Ladi, ko da yake Balarabe da Balaraba su ma a bakin rami suke. Magatakarda ya ce takardun nan masarauta za su tafi, in aka ga suna uku dawo da su za a yi, gara mu gyara tun yanzu.

Saboda haka muka nufi kotu yin takardar rantsuwa, kuma dole mai sunan ta je da ƙafarta. Mun isa ƙarfe tara. Masu buga takardu suna nan a waje cikin inuwa, na biya naira 1,500 aka buga. Allah ya sa na karanta kafin mu shiga, domin yaron tsohon kwafin wani mutum ya gyara, duk inda ake nufin Goggo a matsayin namiji ya bar ta, a takardar da muka zo yi don tabbatar da cewa mace ce. Ya sake bugawa. A ciki na biya naira 1,000 aka ba ni rasit, muka miƙa hoto biyu, sannan muka zauna a benci har ƙarfe ɗaya saboda mai rantsarwa yana taro. Goggo ta cinye gyaɗar da ta ƙullo a gefen mayafi, ta ce ko naƙudar fari ba ta daɗe haka. Rantsuwar kanta minti biyu. Magatakarda ya ce wannan ta wadatar wa fada, amma ofishin fansho zai nemi sanarwa a jarida, don haka na ba wani wakilin jarida naira 7,000, ta fito bayan sati guda, na sayi kwafi biyu na adana.

Yanzu sai sunayen sarauta. Na zauna da dare da biro, ina jin kaina a fagena. Ka'idar a bayyane take: sarki sarauniya, jakada jakadiya, magaji magajiya, wakili wakiliya, kamar dai maraya da marainiya ko zaki da zakanya. An ce uku, na rubuta shida don a ga ƙoƙari. Wakiliya, Jakadiya, Magajiya, Sarauniya, Gimbiya, sai ta shida da fensir da alamar tambaya, Galadimiya. Magatakarda ya karanta har ƙasa, ya ninke takardar gida huɗu ya miƙo mini. "Je ka ga Sarkin Fada tukuna," in ji shi. "Kada ka nuna wa kowa wannan kafin ka gan shi."

Na sami Sarkin Fada a ƙofar gidansa, kan buzu a gindin maina, wato dogon yaro, rediyo a gefe, carbi a hannu. Ya ba tamanin baya, hakimai uku ya yi wa aiki. Ya ce idonsa ba ya ganin rubutu, in karanta masa. Na fara daga ƙasa don in rabu da mai alamar tambaya. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. "Malam, Galadima ba shi da mace. Matarsa matar Galadima ce, ranar da ya mutu ta koma Hajiya wance." Sai a mota, a hanyar komawa, na tuna abin da na sani tun a jami'a ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama daga Borno suka zo mana, kuma Barbarci ba ya raba kalmomi zuwa namiji da tamata. Fulatanci ma ba ya yi. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa da tutar Shehu Usmanu maƙwabciyar Borno ce, fadojinmu cike suke da waɗannan sunaye, to ta ina za a liƙa musu "iya" a gindi? Barebarin da kansu da suka tashi ba mata matsayi sunaye na daban suka ba su, Magira ga mahaifiyar Mai, Gumsu ga uwargidansa, ba wadda aka ciro daga haƙarƙarin sarautar namiji.

Sarauniya da Gimbiya bai ɓata lokaci a kansu ba. Hakimi ba sarki ba ne, mutum ba ya kyautar da abin da ya fi nasa. Gimbiya kuwa jini ce. "Kakanku ya yi sarauta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, falke ne." Ya ce to a wuce. Da na zo kan Jakadiya sai ya nuna katangar fada da carbinsa. "Ga ta can ciki, yanzu haka tana aiki." Ni a kaina jakadiya macen jakada ce, wadda ke wakiltar gari a waje, kuma ai Goggo jakadar garinmu ce a Gombe. A fada kuwa jakadiya ita ce mai kai saƙo tsakanin hakimi da cikin gida, ita ke shigar da baƙi mata, ita ke tsaye a kan duk wata hidimar da namiji ba ya tsallaka soro ya gani. Wadda ke kai a wurin mahaifiyarta ta gada. Na san akwai wuraren da ake ba manyan mata Jakadiya ta girmamawa, na ma faɗa masa. Ya ce wannan ruwansu, a nan ba a ɗaga mai aiki a zaunar da baƙuwa.

A kan Magajiya ne na ja da shi, domin ita na fi so. Na kawo masa Daura, inda tarihin baka ya ce mata ne suka yi mulki da wannan laƙabin kafin zuwan Bayajidda, har zuwa Daurama da rijiyar Kusugu, kuma har gobe Magajiya babbar mace ce a can. Ya bar ni na gama, ya rage muryar rediyo. "Wannan Daura ke nan. A nan, in ka shiga kasuwa ranar Lahadi ka ce a nuna maka gidan Magajiya, ina za a kai ka?" Na yi shiru, domin na san amsar. Gidan shugabar mata masu zaman kansu za a kai ni, in tsoho ne ya raka ni kuma ya ce ai ta 'yan bori nake nema. Kalma ɗaya, a wani gari kambi, a wani gari abin da ba ka faɗa wa uwarka. Da na ba Goggo labari da daddare ta dube ni ta ce, "Da ka kai wannan aka amince, da kai za ka yafa alkyabbar, ɗan nan." Wakiliya kaɗai ta tsira, ita ma da sharaɗi, domin Wakili shi ke riƙe gari in hakimi ba ya nan, sai dai a ce Wakiliyar Mata.

Abin da na fahimta a gindin mainar nan shi ne sarautun mata tarihinsu daban yake tafiya, kowace fada da nata. A Kano mahaifiyar sarki Mai Babban Ɗaki ce. A Gobir akwai Inna. A Zazzau, ƙasar Sarauniya Amina, abin ma juyawa ya yi: Iya sarautar mata ce a zamanin Haɓe, yau kuwa Iyan Zazzau namiji ne, ɗan sarki mai rawani da doki. Wata 'yar yayata da ke karatu a Ingila ta tambaya a zauren WhatsApp na iyali ko da mijin Goggo yana raye shi ma zai sami wani laƙabi. A can, da Charles ya zama sarki a 2022 matarsa Camilla ta zama sarauniya, amma Philip har ya rasu a 2021 yarima ake ce masa, duk daɗewar matarsa Elizabeth a kan gadon da ta hau tun 1952. Wato su miji yana ɗaga mata, mata ba ta ɗaga miji. Mu a nan aure ba ya ɗaukar sarauta ko ta wane ɓangare, sai dai a girmama ka don mai ita.

Sarkin Fada ne ya kawo mafita da kansa. Ya ce macen da ta tare wa mata mutuwa a bakin haihuwa Garkuwa ce. Sai dai garin yana da Garkuwa, wani ɗan kasuwa da ke zaune a Gombe, saboda haka sai a ce Garkuwar Mata. "Ka riƙe kalmar matan nan da kyau," in ji shi, har sau biyu. Na ce na riƙe. Muka miƙa uku: Garkuwar Mata, Uwar Marayu, Wakiliyar Mata.

Daga nan sai jira. A wurinmu hakimi ba ya naɗi sai ya sanar da masarauta an amince, kuma takardunmu sun faɗa cikin hidimar Babbar Sallah, lokacin da hankalin kowace fada ke kan hawa. Sati biyar ba labari. Goggo ta ce in an fasa ma ta huta. Ɗanta kuwa tuni ya ba da kafin alƙalami na rumfa da kujeru a kan ranar da ya yanka da kansa, kuɗin nan har yau ana bin sa. Ranar wata Alhamis magatakarda ya kira, na je na karɓo wasiƙa shafi ɗaya mai hatimi. An rubuta sunan Goggo daidai, a ƙasa "Garkuwar Matan" sai sunan garinmu, da ranar naɗi wadda hakimi ya sa, saura kwana ashirin da uku.

Na ajiye wasiƙar a cikin fayil a gida, na tafi wani shagon ɗab'i hannu rabbana, na faɗa wa yaron da ke kan kwamfuta abin da zai rubuta. Ya jera, ya ce sarautar ta yi tsawo, in ana son manyan haruffa masu ruwan zinare ba za ta shiga layi ɗaya ba. Ni da bakina na ce ya cire "Matan", ai kowa ya ga Hajiya ya san mace ce. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Bayan na tafi shi kuma ya ƙara nasa. Duk katunan naɗin da ya taɓa yi Garkuwan ne, Jarman ne, Tafidan ne, sai ya ga "Garkuwar" ya ɗauka kuskure ne ya gyara mini. Ya turo samfur ta waya ina tsaka da sa ido a ɗakin jarrabawa, na duba launi na ga ya yi kyau, na rubuta masa a buga. Kati 300, naira 48,000. Kafin kwana biyu mun raba wajen saba'in.

Ƙarfe goma na dare wayar magatakarda ta shigo. Ko sallama bai ƙarasa ba. "Malam, an tuɓe Garkuwa ne mu ba mu sani ba?" Na jawo kati ɗaya na haska da fitilar waya, sai na ji gumi ya karyo mini. Garkuwa kalma ce tamata, shi ya sa ake cewa garkuwar fata, garkuwar jiki. Amma in namiji ya ɗauke ta a sarauta, mahaɗin mutumin yake bi, sai a ce Garkuwan gari kaza, kamar yadda ake cewa Iyan Zazzau ko Kauran Katsina. Katinmu ya ce za a naɗa Hajiya wance Garkuwan garinmu. Garkuwan garinmu kuwa mutum ɗaya ne, yana raye, kuma ɗaya daga cikin katunan a shagon ƙaninsa aka ajiye. Kafin isha'i magana ta zaga cewa hakimi ya ƙwace sarautarsa ya ba mace. Wannan darasin na "n" da "r" a aji ɗaya na babbar sakandare nake koyar da shi kowace shekara.

Da safe Baffa ya taso daga gari, bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Muka ɗauki goro da ainihin wasiƙar fada, ɗan Sarkin Fada ya raka mu gidan Garkuwa. Yaransa a ƙofa ko gaisuwarmu da ƙyar suka amsa. Shi kuwa ya karɓe mu da mutunci, ya karanta wasiƙar, ya karanta katin, ya ce, "Baffa, Hajiya uwa ce a wurina. Amma takarda ba ta da bakin da za ta yi bayani, duk inda ta shiga abin da ke jikinta za a karanta." Ya nemi a janye katunan, a kuma faɗi cikakken sunan sarautar a rediyo. Muka raba yara a babura, aka dawo da hamsin da ɗaya, sauran sun shige. Mai shagon ya ce tunda ni na ce a buga ba zai ɗauki asarar duka ba, muka daidaita a rabi, na ƙara naira 24,000. Wannan karon wasiƙar na ajiye a gaban yaron, na tsaya a kansa, aka rage girman haruffa, aka fitar da kwafi ɗaya a takarda na kai wa magatakarda ya sa hannu a baya kafin injin ya tashi. Sanarwar rediyo ma da hannuna na rubuta, na maƙala kwafin wasiƙar, na zauna har aka naɗi muryar na saurara.

Kayan naɗi jakadiya ya kamata in tambaya tun farko, ita da na so in raba da sunanta. Na riga na sayo rawani a kasuwa, ta dube shi ta ce in mayar, a fadarmu ba a naɗa wa mace rawani. Alkyabba ce da farin mayafi, kuma a daren jajibiri ake kai su cikin gida su kwana a hannunta. Wasu fadojin suna da nasu tsarin, don haka kada wani ya ɗauki namu ya tafi da shi wani gari. Alkyabbar ta ci naira 65,000. Ta kuma ce in canzo ƙananan kuɗi in ƙulla kashi-kashi, na fadawa daban, na makaɗa daban, na zabiya daban, in damƙa wa mutum ɗaya mai sanyin rai, in ba haka ba kafin azahar aljihuna zai koma kamar an share.

Ranar naɗi maza suka cika ƙofar fada tun hantsi. Mata suka kawo Goggo, ba ta zauren da muka bi ranar godiya ba, ta ƙofar cikin gida. Can jakadiya ta yafa mata alkyabba ta lulluɓe ta, sannan ta riƙo hannunta ta fito da ita gaban hakimi. Sarkin Fada ya miƙe da sandarsa ya faɗi sarautar, ya ja "Matan" ɗin nan har sai da ya waiwayo ya dube ni. Liman ya yi addu'a, hakimi ya miƙa takardar naɗi, guɗa ta tashi. Wani maroƙi da bakinsa ya saba ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe Garkuwa!" Jakadiya ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ranki." Ya gyara nan take. Garkuwa na maza yana sahun gaba, shi ya fara tashi ya gaishe ta, ya ba da turmin atamfa goma a raba wa matan da suka rako ta. A ƙarƙashin mayafin na hango Goggo tana share ido da bayan hannu, ita da ta ce ba ta so.

Wanda abin nan zai zo kansa, ga abin da zan ce masa. Tun ranar godiya ka karɓi lambar magatakarda da ranakun zamansa. Kafin ka rubuta sunan sarauta ko ɗaya, ka je wurin tsohon da ya fi kowa daɗewa a wannan fadar, ka tambaye shi abu uku: akwai wannan sarautar a nan, akwai mai riƙe da ita ko da irin ta ta maza, kuma me mutanen kasuwar garin ke nufi in sun faɗe ta. Littafin nahawu ba zai amsa maka ko ɗaya ba, abin da ake yi a Daura ko Kano ma ba hujja ba ne a gaban hakiminku. Ka baje duk takardun mai sarautar a tabarma ka duba harafin ƙarshe na sunanta a kowace, in da saɓani ka yi rantsuwar kotu tun kafin a nema. Kada ka yanka rana, kada ka ba mai rumfa ko sisi, sai wasiƙa mai hatimi ta shigo hannunka. In ta shigo, ita za ka kai wa mai ɗab'i da gidan rediyo da mai rubutun allon taro, a kwafa yadda take, ba ragi ba ƙari, kuma samfur a takarda za ka duba, ba a fuskar waya ba.

Bayan biki ɗan Goggo ya so a ƙara sarautar a katin ɗan ƙasa da asusun banki. Duk wuraren biyu amsa ɗaya suka ba shi, cewa laƙabi ba ya shiga gurbin suna, kuma na ji daɗin hakan, domin ba ni da ƙarfin wata rantsuwar. Fayil ɗin fansho ne ya rage. Mun kai takardar kotu da shafin jarida da hoto biyu, an karɓa an ba mu wata 'yar takarda mai lamba, an ce mu leƙo bayan wata biyu. Na leƙa sau biyu. A can har yanzu Hussaini ce.